Fara, Shinge ko Garin Ƙwari: Abin da Mai Saye a Katsina Ya Kamata Ya Duba

Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu fara kan wadata a kasuwannin Katsina da Daura, wata daga gonakin karkara, wata kuma ta hanyar Jibiya da Mai'aduwa daga ƙasar Nijar, inda Maraɗi da Damagaram suka daɗe da sanin cinikinta. Abin da muka gada a matsayin abin taɓawa shi ne yanzu duniya ke kira sabon abinci. A shekarar 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da rahoto cewa kimanin mutum biliyan 2 ne ke cin ƙwari, kuma nau'o'in da ake ci sun haura 1,900. A 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci, sannan a 2022 ta ƙara da gyare. Amfaninta ba abin musu ba ne, domin fiye da rabin nauyin busasshiyar fara furotin ne, ga kuma sinadarin ƙarfe da jini ke bukata. Abin da ya rage wa mai saye shi ne ya san wacce zai ɗauka.

Soyayyiyar fara ta kan tire, wadda aka barbaɗe da yaji aka ƙulla a leda, ita ce mafi sauƙin samu, kuma ita ce mafi tsada idan aka auna da yawanta. Ta dace da mai son ɗanɗano nan take. Matsalarta biyu ce: mai da ƙura. Man da aka yi ta maimaita suya da shi yakan sa farar ta yi baƙi, ta riƙa maƙaƙi a maƙogwaro, shi kuwa yaji yana iya ɓoye farar da ta kwana biyu. Wadda aka soya da sabon man gyaɗa takan yi ja-ja, tana ƙaras-ƙaras a baki, kuma ba ta barin danƙo a yatsa.

Ga mai iyali, busasshiyar fara ta kwano ko ta tiya ta fi riba, kuma ita nake ba da shawarar a saya. Ana kama ta ne da dare ko da asuba, lokacin da sanyi ya hana ta tashi, a zuba ta cikin tafasasshen ruwan gishiri, sannan a shanya ta. Mai saye ya sa hannu har cikin buhun, kada ya tsaya ga ta sama wadda aka zaɓa domin ido. Ya ɗauki guda ya karya: idan ta karye ƙas, ta bushe, idan ta lanƙwashe, da sauran laima a jikinta, kuma laima ita ke kawo fumfuna. Ya duba gindin kwanon, domin gari mai yawa a ƙasa alama ce ta tsufa ko ta ƙwarin ajiya, tsakuwa da yashi kuwa nauyi ne da za a biya kuɗinsa a banza. A gida a cire fukafukai da ƙafafun baya masu ƙaya, waɗanda ba sa narkewa da kyau a ciki, musamman ga yara, a wanke ta, sannan a soya da albasa.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce yadda farar ta mutu. Idan fara ta yi wa gonaki yawa, feshi ake yi mata da magunguna masu guba, kuma wadda aka tsince a ƙasa bayan feshi tana iya shiga buhu ɗaya da wadda aka kama da rai. Suya ba ta tabbatar da cewa gubar ta fita. Akwai kuma masu ajiyar da ke yayyafa fiya-fiya a kan busasshen kaya domin kore ƙwari, saboda haka duk farar da ke warin magani ko kananzir a bar ta, komai arharta. A nan fiƙihu da kiwon lafiya sun haɗu. Halaccin fara tabbatacce ne, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi bin Abi Aufa cewa sun yi yaƙi bakwai tare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna cin fara. Sai dai mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne sai an kashe ta da niyya ta hanyar da za ta mutu, kamar jefa ta a wuta ko a ruwan zafi, wadda aka tarar ta mutu da kanta kuwa ba a ci. Mai sayarwar da ya san garin da kayansa suka fito da mutanen da suka kama ya fi wanda zai ce maka kawai daga dilali ya saro. Farar tumfafiya, mai zane-zanen launi, dama ba ta cikin lissafi, domin tana ɗauke da gubar itacen da take ci.

Shinge, wanda ke fitowa daga suri bayan ruwan farko ya taru a gindin fitila, ya fi fara maiƙo, har ana iya soya shi ba tare da an zuba mai ba. Wannan maiƙon ne kuma ke sa shi saurin lalacewa, don haka kaɗan ake saye, a ci a kwana ɗaya ko biyu.

Garin gyare da sauran kayan ƙwari na cikin fakiti, waɗanda ake tallarsu a intanet, su ne baƙi a wurinmu, kuma a nan ne ra'ayin jama'a ya rabu. Mutumin da zai cinye ledar fara a bakin Ƙofar Ƙaura ba tare da ya ji komai ba, shi ne zai yamutsa fuska idan aka ce an zuba garin gyare a kununsa. Wasu kuma har farar ma suna ɗaukarta abincin mata da yara, ko na ƙauye, ko da yake da yawansu kan aika a sayo musu a ɓoye. Fa'idar kayan fakiti ita ce ƙwarin kiwo ne, an san abin da suka ci, babu fargabar feshi. Amma kuɗinsu ya yi wa yawancin gidaje nauyi, kuma malamai sun saɓa a kan ƙwarin da ba fara ba, don haka mai shakka ya tambayi malaminsa. Wanda ya yanke shawarar saye ya nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin fakitin.

Tsutsar baƙin ƙudan soja, wadda wasu masu kiwo suka fara renonta a kan ragowar abinci da dusa, ta kaji da kifi ce, domin rage kuɗin waken suya da garin kifi. Ba kayan tukunya ba ce.

Duk wanda jikinsa ke yin borin jini ko kumburi idan ya ci jatan lande ya yi hattara da fara da gyare da shinge baki ɗaya, domin sinadarin da ke tayar masa da ciwon yana cikin su ma. Yaron da bai taɓa ci ba a fara masa da guda biyu ko uku, a jira zuwa washegari kafin a ƙara.