Kyamarar fim ko dijital ta hannu, wacce za ka fara saya?

Salam jama'a. Ɗan uwanmu da ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce ya ɗan tara kuɗi yana so ya fara ɗaukar hoto don sha'awa kawai ba sana'a ba, kuma yana da niyyar zuwa Zariya kallon hawan Sallah daga baya ya gangara Kafanchan ya ga ruwan Matsirga, shi ne yake tambaya ya sayi tsohuwar kyamarar fim irin wadda yake ganin samari na ratayawa a Instagram ko kuwa dijital ta hannu. To ni dai ina amfani da duka biyun kuma wallahi fim ɗin ya fi kwanta min a rai, amma in kuɗin na kyamara ɗaya ne, ɗan uwa dijital za ka fara saya.

Mu fara da aljihu. Dijital sau ɗaya za ka ji zafin kuɗinta, ka sayi irin su Canon 600D ta 2011 ko Nikon D3200 ta 2012, ka haɗa da memori da batir na biyu shikenan, ko hoto dubu ka ɗauka a yini babu wanda zai ce ka kawo sisi. Ita kuwa ta fim kyamarar ba ita ce tsadar ba, ciyar da ita ne aikin, kamar wanda aka ba kyautar doki ne, murna ranar farko sannan a shiga neman dusa da harawa. Nadi ɗaya na fim 35mm hoto 36 ne ko 24, ka saya da kuɗi, kuma kayan waje ne duk sanda dala ta motsa shi ma ya motsa, ka biya wanki, ka biya sikanin kafin ya shigo wayarka. Kuma wankin nan shi ne babbar matsalar mu a Kaduna, studiyon da na sani suna wanke fim a da yanzu sun ajiye injin, firintin suke yi daga memori da waya, ni aikawa nake Legas in zauna jira. Don haka kafin ka ba kowa kuɗin kyamarar fim ka fara tabbatar da inda za a wanke maka, in ba haka ba za ka tara nadi a durowa ne kawai.

Akwai masu wanke baƙi da fari a gida, irin fim ɗin Ilford HP5, ana yi da ɗan tanki da magani kala biyu, sai dai maganin yana son sanyin digiri 20 ne, a zafin Maris da Afrilu ruwan famfonmu ya wuce haka nesa ba kusa ba sai ka sa ƙanƙara kana aunawa. Abu ne mai daɗi amma ba na ranar farko ba ne.

Yanzu hawan Zariya. Ka san yadda filin ƙofar fada yake in an zo jafi, dawakai su taho a guje, ƙura ta tashi, 'yan bindiga su saki aradu, duk abin daƙiƙa kaɗan ne. Kyamarar fim irin Pentax K1000 da hannu za ka saita fokas, ka danna sannan ka ja hannun da ke naɗe fim kafin ka sake dannawa, kuma gudun shata ɗinta, wato ɗan labulen da ke buɗewa haske ya shiga, iyakarsa 1/1000 na daƙiƙa. Wanda hannunsa ya faɗa zai iya, zai saita fokas a wuri ɗaya ya jira doki ya shigo, amma sabon shiga kafin ya gama murɗa gilashi an wuce. D3200 kuwa ita ke bin fokas da kanta, tana sakin hoto huɗu a daƙiƙa, ka duba baya ka ga ya yi duhu ka gyara nan take. Wannan duba bayan shi ne makarantar, abin da za ka koya a sati ɗaya da dijital sai ka yi watanni kana biyan kuɗin wanki kafin ka gane shi a fim, don kafin hoton ya dawo ma ka manta yadda ka saita kyamarar ranar.

Amma fa akwai inda fim ya yi wa waɗannan tsofaffin dijital ɗin nisa, kuma shi ne abin da ya riƙe ni. Farin kaya a tsakar rana. Hakimi ya fito da farin rawani da farar babbar riga ga aikin zare a wuya, rana tana tsaka, fuska kuma baƙa a ƙarƙashin inuwar rawani. Dijital in haske ya yi mata yawa farin ƙonewa yake yi fat, aikin rigar ya ɓace babu manhajar da za ta dawo da shi, shi ya sa dole ka rage haske kaɗan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, sannan ka ɗago fuskar a kwamfuta. Fim mai kala irin Kodak Gold 200 shi akasin haka ne, yana shanye haske, ka ƙara masa ma don fuska ta fito amma har yanzu za ka ga ninkin rawanin da zaren aska takwas ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ya yafewa shi ne duhu, in ka rage masa haske inuwa ta koma dishi-dishi kamar toka. Kuma kalar jan ƙasarmu da hazon hunturu a kan Gold, ni dai ban ga filtar da ta kamo shi ba a waya.

Da magariba kuma labari ya juya. Fim ɗin da ka sa ISO ɗinsa, wato ƙarfin kama haskensa, ɗaya ne har nadin ya ƙare, in 200 ne to da rana ta faɗi ka rufe jaka, mai tsire a ƙarƙashin ƙwan lantarki ko teburin mai shayi a Tudun Wada sai dai ka kalla da ido. Dijital ka ɗaga zuwa 1600 ka ci gaba, musamman in ka samu gilashin 50mm f/1.8 mai buɗewa sosai ya sha haske, wanda ni shi nake ba kowa shawara ya fara ƙarawa ko wacce iri ya saya.

Wajen wuta fim ya ci. K1000 tun 1976 aka fara yin ta har 1997, ba da wuta take aiki ba, ɗan batirin LR44 na mitar haske ne kawai, ko ya mutu tana ɗauka, rana tangaran ka sa ƙofar gilashi a f/16 da shata a 1/250 in fim 200 ne, in akwai hazo ka buɗe zuwa f/11 ko f/8. Ka kwana uku a ƙauye babu NEPA ba ruwanka. Ka lura dai Canon AE-1 ba haka take ba duk da shekararsu ɗaya, ita in babu batir shata ba ta motsi sam. Sai dai fim ba ya son zafi, kar ka bar shi a mota a rufe, a gida firij ake sa shi, in kuma jirgin sama za ka hau ka roƙa a duba shi da hannu kar ya bi ta na'urar haska kaya. Dijital ita ƙura ce abokiyar gabarta, kar ka kuskura ka canja gilashi a tsakiyar filin hawa, za ka dawo ka ga ɗigo-ɗigo a sararin sama a duk hotunan. A Matsirga kuma feshin ruwa duka biyun yake jiƙawa, ka riƙe leda da ƙyalle mai laushi, in ka dawo ka bar jakar a buɗe ta sha iska don danshin damina shi ke sa gilashi ya yi fumfuna.

Wani abu da ya shafe su duka, garin nan cike yake da barikoki da shingen jami'an tsaro, kar ka ɗaga kyamara kusa da su, kuma ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, ballantana mata da yara. Ka fara gwada hannunka a Ƙofar Gamji wajen gadar Lugga da bakin kogi kafin Sallah ta zo.

In ka je sayen dijital ɗin ka ce a nuna maka adadin dannawar da shata ta yi, ka ɗauki farin bango ka zuƙo ka duba tabo, ka haska fitilar waya cikin gilashi ka ga ko akwai zare-zaren fumfuna. Ta fim kuma in lokacinta ya yi, kafin ka shiga kasuwa ka tambayi dattawan gidanku, akwatunan iyayenmu da yawa akwai Yashica ko Olympus a kwance, ka buɗe bayanta ka taɓa soson da ke gefen murfin, in ya narke yana kama yatsa sai an canja shi don ta nan haske ke satar shiga ya ɓata fim. Ka kawo ta in duba maka, ina Kawo yawancin ranakun Asabar.