Wasiƙa daga Hurgada: yadda ruwa ke cinye launi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali. Ka tambaye ni me ya sa wasu hotunan ƙarƙashin ruwa da nake turowa daga Bahar Maliya, a nan Masar, suke fitowa shuɗi fatau, wasu kuma launinsu raɗau. Abin ya danganta da kayan aiki, da kuma hannun da mutum ya faɗa wajen hayar su.

Ruwa cinye launi yake yi. Da an nutsa kamar mita 5, ja ya fara gudu, ruwan goro ya bi bayansa, rawaya ma kafin mita 20 ta dusashe. Shuɗi ne mai jimiri. Shi ya sa murjanin da ke ja wur idan an haska shi, a hoto sai ya koma toka-toka.

Shagunan da ke bakin otal-otal a nan Hurgada, wata ƙaramar kyamara mai suna GoPro suke miƙa maka da ɗan jan gilashi da ake maƙalawa a gaba. Ba na raina ta. Tana jure mita 10 ba tare da akwatin da ke kare kyamara daga ruwa ba, kuma a ruwa marar zurfi, da rana tsaka, jan gilashin yana dawo da ɗan launi. Amma ba ya ƙara haske, rage shi ma yake yi, don haka a ƙasa sosai hoton duhu yake yi. Abin da ke ɓata mini rai, yawancinsu ba sa gaya wa baƙo haka, su dai a karɓa a tafi.

Cibiyoyin masu nutso na garuruwan Dahab da Sharm el-Sheikh da na yi hulɗa da su daban suke. Kafin su ba ka kyamara, ma'aikacin zai zaro zoben robar da ke toshe bakin akwatin, ya ɗaga shi ga haske yana jujjuyawa, domin silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ta isa ta shigar da ruwan gishiri. Ya shafa masa ɗan mai, ya rufe, ya tsoma akwatin a bokiti ya ga ko kumfa za ta fito. Hayarsu ta fi tsada, kuma wallahi ta cancanta.

Su ne ke da fitilu biyu a kan dogayen hannuwa. Idan fitila tana kusa da idon kyamara, duk ɓurɓushin da ke yawo a ruwa take haskawa, hoton ya cika da fararen ɗige-ɗige. A ware su gefe, a matsa kusa da kifin, sai ja da rawaya su dawo, bayansa kuma ya tsaya shuɗi mai duhu. Kusantar nan ita ce rabin aikin, don hasken fitila ba ya wuce mita ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa. Gilashin gaban akwatin ma iri biyu ne: shafaffe yana ƙara girman abu da kusan kashi ɗaya bisa uku, ya dace da ƙananan halittu, mai kumburi kamar kifaffiyar ƙwarya shi ke ɗaukar fili.

Inda launi ya ƙare kuwa, siffa ake nema. A Thistlegorm, jirgin ruwan Birtaniya da Jamusawa suka nutsar a 1941, wanda ke kwance a zurfin kusan mita 30 da babura da motoci a cikinsa, hotunan da suka fi burge ni baƙi da fari ne: ƙarfe ya yi baƙi ƙirin, mai nutso ya zama inuwa, hasken rana na saukowa ta sama.

Idan ka samu zuwa, kada ka sayi komai tukuna. Haya za mu yi mu gwada iri biyun. A gaida Inna da yara.