Taya mai faɗi a rim ɗin kamfani: yadda masu taya na Zariya ke yin aikin

Daga Sabon Gari zuwa Kwangila, har Samaru da Tudun Wada, da wuya a sami mai sayar da taya da zai ƙi ɗaura maka wadda ta fi ta motarka faɗi a kan rim ɗin da motar ta zo da shi. Amsar da aka saba ji ita ce, "Alhaji, za ta shiga." Shiga kam tana shiga. Ko za ta zauna lafiya a gudun kilomita 100 a hanyar Kaduna, da mutum biyar a ciki da buhu biyu a but, wannan kuma sai an yi lissafi. Hukuncinmu a kan aikin shi ne: ƙarin mataki ɗaya, wato milimita 10 na faɗi, yana da kyau idan an zaɓi lamba daidai, mataki biyu sai an auna, mataki uku asarar kuɗi ce. Yawancin matsalar kuma daga lamba ta biyu cikin lambobin girman da ke jikin taya take fitowa, wadda mai saye da mai sayarwa ba su cika dubawa ba.

A ɗauki Corolla, tunda ita ta cika gari. Da yawa daga cikinsu suna zuwa da 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin taya ce, milimita 195. Ta biyu tsayin gefenta ne, kashi 65 cikin ɗari na wannan faɗin, wato kusan milimita 127. Ta uku girman rim ne, inci 15, daidai da milimita 381. Idan aka haɗa rim da gefe biyu, tsayin tayar gaba ɗaya ya kama milimita 634.5. Da wannan tsayin kamfani ya saita agogon gudu da giya da birkin ABS, shi ya sa ake so sabuwar taya ta tsaya kusa da shi, kada bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari.

Tunda tsayin gefe kaso ne na faɗi, duk wanda ya ƙara faɗi ya bar 65 ɗin a wurinta ya ƙara wa taya tsayi ke nan, ko ya sani ko bai sani ba. Tayar 205/60 R15 tsayinta milimita 627 ne, ta gaza ta asali da kashi 1.2 kawai. Ita kuwa 205/65 R15 ta kai 647.5, ƙarin kashi 2, don haka idan agogo ya nuna 100, motar tana kan 102. Wannan ana iya zama da shi. Ta 215/60 R15 tana da 639, ta ma fi kusa da ta asali a tsayi. Amma 215/65 R15, wadda ake yawan tallata wa mutane da sunan "za ta ɗaga maka mota", ta kai 660.5, ƙarin ya haura kashi 4. Ɗagawar da ake magana kuwa milimita 13 ce kacal, rabin ƙarin tsayin, don rabin taya ne ke ƙasan gatari. Ramin da ya saba bugun ƙasan motarka a hanyar Pambeguwa ba zai fasa ba saboda milimita 13, amma motar za ta yi nauyin tashi, kuma tayar tana iya fara gogar madigadi.

Sai faɗin rim, wanda a wurare da yawa ba a ma tambayarsa. A rubuce yake a jikin rim ɗin, galibi ta ciki, sai an kwance shi: za a ga 15x6J ko makamancin haka. Lambar 6 ɗin ita ce faɗinsa, inci shida. Tayar 195/65 tana zama a rim mai inci 5.5 zuwa 7, tayar 205/60 da 205/65 kuma 5.5 zuwa 7.5, saboda haka rim mai inci shida ya ɗauke su ba gardama. Tayar 215/60 da 225/60 kuwa inci shida shi ne mafi ƙanƙantar abin da aka yarda musu. Idan rim ya yi wa taya kaɗan, yana matse leɓɓanta ciki, ta kumbura ta tsakiya kamar buhun da aka ɗaure wa baki tam. Tsakiyar zanen ce za ta riƙa taka kwalta, gefe biyu suna shan iska, sai tsakiyar ta riga siɗewa. A kwana kuma gefen tayar yana lanƙwashewa kafin mota ta amsa sitiyari. Mutum ya biya kuɗin 225, amma abin da ke taka ƙasa bai fi na 205 ba. Mai Camry ta 2007 zuwa 2011, da ke zuwa da 215/60 R16, lissafinsa iri ɗaya ne: 225/60 ƙarin kashi 1.8, 225/55 ragin kashi 1.6, duka biyun suna cikin iyaka.

A wajen ɗaurawa, abin yabo yana nan. Masu faci na gefen titi hannunsu ya faɗa, suna da sauri, kuma sun iya gano inda iska ke zurarewa da ruwan sabulu fiye da yadda ake zato. Shagunan da ke da injin cire taya da injin balansin sun fi dacewa da wannan aikin, musamman ga rim ɗin alminiyon, domin guduma da liba suna ɓantare bakin rim, su kuma yage leɓen taya, kuma tayar da ba ta da tiyub da wannan leɓen take riƙe iska. A tabbata an goge tsatsa da datti daga bakin rim, an shafa ruwan sabulu a leɓe, ban da man juye ko giris, waɗanda ke cin roba. A sa sabon bawul, kuɗinsa kaɗan ne, tsohon kuwa rana ta riga ta tsattsaga shi. Bayan an hura, a dubi siririn layin da ya zagaye taya kusa da bakin rim: idan tazararsa da rim ba ɗaya ba ce a duk zagayen, leɓen bai zauna ba, a sace iskar a sake.

Iska ita ce babban aibin aikin a garin nan. An saba dura 45 ko 50 a ma'aunin iska na PSI, wai don taya mai faɗi ta fi cin iska, wani ma da bugun ƙafa ko sifana yake aunawa. Lambar da ke jikin taya, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Ma'aunin da ake bi yana kan takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ga Corolla wajen 30 zuwa 32, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Ƙarin faɗin mataki ɗaya ba ya canza wannan. Cika iska fiye da kima a tayar da rim ya riga ya matse yana ninka saurin siɗewar tsakiya, ga kuma buge-buge da ke ƙarewa a kan shokazoba. Geji na hannu ba shi da tsada, gara kowane mai mota ya ajiye nasa.

Ɗaurin noti ma haka. Ana hawa kan sifana da ƙafa, ko a zura mata dogon bututu, har ƙusar ta miƙe ko zarenta ya lalace. Ƙananan motocin Toyota awon ɗaurinsu 103 ne a ma'aunin Nm, wato ma'aunin ƙarfin murɗa noti, kuma a tsallake ake ɗaurewa, wannan noti sai na gabansa ta ɗaya ɓangaren, ba a jere ba. A sake dubawa bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Kafin a biya kuɗi, a sauke motar daga jak, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, a zura hannu tsakanin taya da shokazoba, da kuma robar cikin madigadi. Ƙarin milimita 10 na faɗi yana nufin biyar ta ciki, biyar ta waje. Daga 195 zuwa 225 kuwa 15 ne kowane gefe, kuma nan ne gogayya ke farawa. A sa mutum uku su zauna a baya a sake dubawa, don motar da siferin ɗinta ya gaji tana iya wucewa lafiya ba kaya, ta riƙa goga da lodi. Tayar da ke gogar ƙarfe tana yankuwa ta gefe, kuma gefe ba ya facuwa. Wannan gwajin kusan ba mai yin sa sai mai mota ya matsa.

Abin da ake samu da 205 shi ne ɗan ƙarin riƙo a kwana da birki a busasshiyar kwalta, sai kyan gani, wanda shi ne ainihin dalilin yawancin masu canzawa, kuma ba laifi ba ne. Abin da ake biya shi ne ɗan ƙarin shan mai, ƙarin ƙara, da sitiyarin da ke bin kwarin da manyan motoci suka yi wa kwalta. Da damina kuma, idan ruwa ya kwanta a titi a watan Agusta, taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa ta rabu da kwalta, musamman idan zanenta ya kusa milimita 1.6, inda alamar siɗewa take. Mai motar haya da ke lissafin kowace lita gara ya tsaya a kan lambar kamfani.

Wani tarkon yana wurin tayoyin gwanjo. Sau da yawa ana ba mutum mai faɗi ne don ita ce a ƙasa, ba don ita ta dace ba. A dubi lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen taya, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. A dubi lambar lodi, kada ta gaza ta asali. 91 kilo 615 ce kowace taya, 94 kuma kilo 670. Mai hoton dutse da ƙanƙara a jiki tayar sanyin Turai ce, robarta taushi ne da ita, zafin Maris da Afrilu yana cinye ta da wuri.

Idan kuɗi bai kai na huɗu ba, a canza biyu a gatari ɗaya, kada a taɓa haɗa 195 da 205 dama da hagu. Motocin da tayoyinsu huɗu ke ja, irin wasu RAV4 da Highlander, dole huɗun su zama lamba ɗaya, in ba haka ba kayan giyar ne za su ɗauki wahalar. Safaya kuma ta zama ta isa wurin mai faci kawai, tunda tsayinta ya bambanta da sauran. Bayan an gama a yi balansin ɗin duk ƙafar da aka taɓa, a kuma duba alaimen, don tsohon karkacen da ya cinye gefen tsohuwar taya zai fi saurin cin sabuwar mai faɗi.