Injin ban ruwa na sola: na yi rani guda da shi, ga abin da na gani

Masu ta tambayata a kan injin solar nan da na saya, bari in faɗa muku tsakani da Allah. Ni noman rani nake a fadama wajen Kura, ban samu fili a bakin kanal ɗin ruwan Tiga ba, burtsatse na haƙa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 injina na fetur ya zame min ƙarfen ƙafa, lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1000, ka sayar da tumatir a kasuwar Kwanar Gafan ka wuce gidan mai ka sauke musu kuɗin.

Wannan kuwa ba ruwansa da jarka. Ba ƙara, ba hayaƙi, ba jan igiya har kafaɗa ta sage. Daga hantsi zuwa azahar tiyo cike yake taf, kana tsaye kana jin kukan tsuntsaye fangali yana cika. Amma fa da hazo ya sauko sai ya koma kamar mai jin yunwa, kullum da safe sai na goge fanel-fanel ɗin da ke ɗaukar hasken rana da tsumma, kuma dole in kwashe su zuwa gida da yamma saboda ɓarayi. Mai shagon bai faɗa min ko ɗaya ba, sai garanti a baki, kuma tsadarsa ba wasa ba ce, sai da na sayar da bijimi.

Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Da ina sayen mai ina lissafin kowane awa, yanzu tunda rana kyauta ce sai in bar shi yana ta zuba, maƙwabtana ma haka, wajen watan Maris rijiyata ta fara tsotso iska. Wasu ɗaliban jami'a sun zo da takardun tambayoyi, wai lita nawa na ruwa kwandon tumatir ɗaya ke ci. Wallahi dariya na yi, ai injin ko mita ba shi da shi, na ce musu da can sai in ƙirga muku da jarkar fetur, yanzu kam sai dai in nuna muku inda danshi ya tsaya a jikin bututu. Wata yarinya a cikinsu ta rubuta hakan kuwa.

Zan sake saye? Eh, amma mai mitar ruwa, kuma sai an rubuta min garantin a rasit.