Gwanjon intanet ko dillali: ina ya fi a sayi agogo mai tsada?

Salam. Alhaji na ga tambayarka ta jiya da daddare, cewa kana son Rolex Submariner ko Datejust na hannu, kuma ka ga ana gwanjonsu a intanet ana farawa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, shin ka shiga ko ka tsaya wajen dillali mai tsayayyen farashi. Wani ya ce maka duk damfara ce, wani ya ce shi can yake saye. Toh bari in ɗan zauna a kai tunda na taɓa hanyoyin biyu.

Da farko gwanjon nan ba iri ɗaya bane. Akwai manyan gidaje irinsu Christie's da Sotheby's da Phillips, su agogon yana hannunsu, ma'aikatansu sun buɗe shi sun duba sun rubuta rahoton lafiyarsa kafin a sa shi. Akwai kuma irinsu eBay da Catawiki na ƙasar Holan inda agogon yana gidan mai shi, hoto kawai ya ɗora, kai kuma kana tayi a kan hoto, cinikin biri a sama kenan. Ita Chrono24 ta Jamus da ake yawan ambata a nan galibi kasuwar dillalai ce, farashi a rubuce, ka taya a sallama ko a ce albarka, don haka ita a ɓangaren dillali zan sa ta.

Maganar kuɗi tukuna, don nan ne ake yaudarar kai. Wancan farashin da ka gani na farawa, Catawiki har da yuro 1 suna farawa, ba shi ne kuɗin agogo ba, tarko ne na tara jama'a. Agoguna da yawa suna da ɓoyayyen farashin da mai kaya ya ajiye, in tayi bai kai nan ba ba za a sallama ba ko da kai ne na sama. In kuma ka ci, kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi zaka biya ba, akwai la'adar gida a kan mai saye. A manyan gidajen nan tana kaiwa wajen kashi 27 cikin 100 ko fiye, wato ka ci agogo a dala 10,000 takardar biya ta zo maka da wajen 12,700, ba a yi maganar kuɗin turowa da inshora ba. Catawiki nasu kashi 9 ne da 'yan canji, 10,000 ta zama kusan 10,900. Shi dillali abin da ya rubuta shi ne, ribarsa tana ciki, kuma kana iya cewa ya rage maka. Ni dai a lissafina agogon da kowa ke nema irin Submariner da wuya ka same shi da araha a gwanjo, saboda waɗanda kake takara dasu yawancinsu dillalai ne da suka san farashin kasuwa kamar yunwar cikinsu, in ka ga sun janye sun bar maka to ko dai ka wuce farashi ko sun hango wani abu a hoton da kai baka gani ba.

Sai zafin gwanjo, wanda babu shi wajen dillali. Ka ce ba zaka wuce 8,000 ba, saura minti biyu wani ya ɗora 200, zuciya ta ce ai ba zai fi ka ba. A eBay lokaci na cika an rufe, shi yasa ƙwararru ke laɓewa sai saura daƙiƙa kaɗan su jefa nasu. A Catawiki kuwa duk tayin da ya shigo a ƙarshe sai a ƙara lokaci, haka za ku yi ta ja har wani ya gaji. Kuma akwai masu sa abokansu su riƙa ƙara tayi ba don su saya ba sai don su tunzura ka, abin da malamai ke kira najashu, wanda Manzon Allah (SAW) ya hana tun tuni, shi gwanjon kansa halal ne wannan cutar ce haram. Manyan gidaje suna neman katin shaida da bayanan banki kafin su bar ka ka taya, hakan na rage abin, a ƙananan shafuka kuwa sai ka sa ido a kan sabon asusu da ke bin kayan mutum ɗaya kullum. Sannan tayi alkawari ne, ka ci dole ka biya cikin kwanaki kaɗan, babu na fasa.

Jabu kuma, nan ne zan daɗe. Mutane suna tsoron agogon bogi gaba ɗayansa, kuma da gaskiyarsu don na yanzu har injin ciki ake kwaikwaya, nauyi ɗaya, hoto ba zai taɓa nuna maka ba. eBay sun kawo tsari a 2020 a Amurka, agogon da ya kai dala 2,000 zuwa sama sai ya bi ta hannun masu tantancewa kafin ya iso ga mai saye, amma sai ka ga alamar a jikin tallan kuma adireshinka yana ƙasar da tsarin ke aiki. Abin da yafi bogi wahalar ganewa shi ne agogon haɗe-haɗe, jiki na asali, inji na asali amma na wani agogon, fuska an sake mata fenti, hannaye na wata shekarar. Kowane yanki orijina ne amma agogon a haɗe ƙarya ne, kuma darajarsa na iya faɗuwa warwas. Kar ka ɗauka babban suna ya tsare ka. A Nuwamba 2021 Phillips sun sayar da wani Omega Speedmaster na 1957 a Janiba kan faran miliyan 3.1 na Suwizalan, kuma kamfanin Omega ne da kansa ya saya don gidan tarihinsa. A 2023 Omega ta fito ta ce ashe harhaɗa shi aka yi da sassan agoguna daban-daban, ta zargi tsofaffin ma'aikatanta uku da hannu a ciki, su ma Phillips suka ce cutarsu aka yi. Wanda ya ƙera agogon ma an yaudare shi, ina ga ni da kai? Ka karanta ƙananan rubutun sharuɗɗansu zaka ga suna tsaya maka cewa agogon na kamfanin ne, amma basu ɗauki alhakin cewa kowane yanki na asali bane, ko yana tafiya daidai, ko ruwa baya shiga.

Ni abin ya taɓa cina a wani shafi, tsohon Omega Seamaster na ci da murna, da ya iso mai gyara ya sa gilashin ido ya duba sai yayi dariya yace fuskar nan ta fi agogon ƙuruciya da shekara talatin. A tallan an rubuta "an gyara shi tsaf", ni ne ban tambayi me aka gyara ba.

Wajen dillali akwai wanda zaka riƙe. A Chrono24 kuɗinka yana zama a hannunsu har agogo ya iso, kuma in daga ɗan kasuwa mai rajista ka saya kana da kwana 14 ka mayar. Rolex ma tun Disamba 2022 suka fara sayar da na hannu da suka tantance ta shagunan wakilansu, da garantin shekara 2, tsada ne dashi sosai amma zaka yi barci. Dillalin Dubai ko Legas kuwa kana iya riƙe agogon a hannu ku je wajen mai gyara a buɗe a gabanka. Shi ma dillali yana iya cutarka fa, bambancin kawai ka san ƙofar shagonsa.

To ina amfanin gwanjo? Yana da shi. Abin da babu shi a shago can yake fitowa, Rolex Daytona ɗin ɗan fim Paul Newman da aka sayar dala miliyan 17.8 a 2017, da Patek Philippe na faran miliyan 31 a 2019, duk gwanjo ne, amma wannan ba layinmu bane. Namu shi ne agogunan da 'yan yayi basa kallo, tsofaffin Omega da Longines da IWC da Jaeger-LeCoultre masu madaurin fata, nan kam in kana da ido da haƙuri kana iya ci ƙasa da farashin shago. Maganar wai jari ne a bi ta a hankali. Farkon 2022 farashi ya hau sama, Daytona na ƙarfe da ake sayarwa sabo ƙasa da dala 15,000 ya doshi 50,000 a kasuwar hannu, daga nan ya yi ta sauka, waɗanda suka saya a lokacin da yawansu har yau basu mayar da uwar kuɗi ba. Kuma ranar da zaka sayar a gwanjo kai ma za a cire maka la'ada.

Sai namu na gida. Dala ko yuro ko fam zaka biya, katin naira ba lallai ya ɗauki irin wannan kuɗin ba sai ta asusun dala. Masu sayarwa da yawa basa turowa Najeriya, in ka ce a kai wa ɗan uwa a Landan daga wata ƙasa akwai harajin kashi 20 na shiga Ingila, in nan ya zo akwai kuɗin fito na kwastan da VAT kashi 7.5. In madaurin fatar kada ne manyan gidaje suna cire shi kafin su turo saboda dokar kare namun daji, agogo ya zo maka tsirara ka nemi wani madaurin.

Don haka Alhaji, Submariner ko Datejust kuma shi ne na farkonka, ni dillali zan ce, mai kwali da takardu, lambar jikin agogo ta dace da ta katin garanti, ka kuma biya 'yan kuɗi a duba lambar a shafin The Watch Register ko na sata ne. In kuma zuciya ta nace sai gwanjo, ka nemi hoton injin a buɗe da rahoton lafiyarsa, ka tambaya ko an taɓa goge jikin ko canza fuska, ka cire la'ada da fito da kuɗin sabis daga abin da ka ware, ragowar shi ne tayinka na ƙarshe, ka rubuta shi sau ɗaya ka kashe waya. Turo mana hoton wanda ka gani ɗin da lambar samfurinsa mu duba tare kafin ranar rufewa.