Me za a saya don nuna wa yara wata: teleskop ko madubin hangen nesa?

Duk makarantar da ta yi niyyar fara koya wa yara ilimin wata, abin da ke fara zuwa bakin 'yan kwamiti shi ne teleskop. Yana da kwarjini, iyaye in sun gan shi a ofishin hedimasta sai su ce lallai an ci gaba. Ni kam in za a ji tawa, a jingine maganarsa tukuna, a sayi madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda sojoji ke ratayawa a wuya, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa.

Lamba 10 ɗin nan ita ce yawan kusantowa, 50 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma shi ke tara haske. Tsakaninmu da wata kimanin kilomita 384,000 ne, madubin zai jawo shi ya zama kamar yana 38,400. Kada a raina wannan. Galileo, masanin taurari ɗan Italiya da ya hango duwatsu da ramukan wata a 1609, na'urarsa kusantowa wajen sau 20 kawai take yi, gilashinta kuma bai kama ƙafar na yanzu ba. Da 10x50 yaro zai ga baƙaƙen filayen nan, waɗanda narkakken dutse ne da ya kwarara ya daskare, zai ga manyan ramuka irin su Tycho da Copernicus. Malami zai iya nuna masa filin da ake kira Tekun Natsuwa, ko da yake babu ko ɗigon ruwa a ciki, inda Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka ranar 20 ga Yuli, 1969. Kusa da tsakiyar fuskar watan akwai wani babban rami da aka sa wa sunan Al-Battani, masanin taurari Musulmi, kuma ban taɓa faɗar wannan a aji ba face yara sun gyara zama.

Abin da ya fi ja na gare shi shi ne layi. Ajinmu ba na yara goma ba ne. Duniya tana juyawa, don haka a teleskop mai kusantowa da yawa wata ba ya tsayawa, cikin minti ɗaya ko biyu ya sulale ya fice, kafin Malam ya sake kamo shi na bayan layi sun fara dambe. A madubi mai ido biyu yana daɗewa a ciki, hoton a tsaye yake ba a kife ba, kuma 'yar aji huɗu za ta iya saita shi da kanta. Aibinsa ɗaya nauyi, hannun yaro yana rawa. Ku duba tsakanin idanun biyu ta gaba, a yawancinsu akwai ramin ƙusa a ƙarƙashin wani ɗan murfi. Kowane mai walda a Tudun Wada zai lanƙwasa muku ƙarfen da za a ɗaura shi a kan ƙafar kyamara. In babu, a jingina gwiwar hannu a kan katanga.

Teleskop na kirki yana nan, wanda faɗin gilashinsa ya kai milimita 70 zuwa 80 da ƙafa mai ƙarfi, amma sai makarantar da ke da kuɗi da malamin da zai kwana yana koyon sa. Fitilar roba mai siffar wata kayan adon ɗaki ce. Fosta kuma bango take yi wa amfani. Manhajar Stellarium kyauta ce, ta Malam ce don ya san inda wata zai kasance, ba abin miƙa wa yara ba. Lemo a soke da fensir da tocila a ɗaki mai duhu, wannan ko me kuka saya sai kun yi shi, don da shi yaro zai gane cewa ba inuwar duniya ke mayar da wata jinjiri ba, ɓangaren da rana ta haska ne muke gani yana ƙaruwa yana raguwa cikin kwana 29 da rabi.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Duk kwalin da kuka ga an rubuta 525x ko 675x da manyan baƙaƙe, ga hoton duniyar Saturn mai launi, ku ajiye shi. Ƙa'idar ita ce teleskop ba ya ba da hoto mai kyau in kusantowarsa ta wuce ninki biyu na faɗin gilashinsa a milimita: mai milimita 60 iyakarsa wajen sau 120, abin da ya haura haka hazo ne kawai. Irinsa aka taɓa aiko mana daga wani mai sayarwa a intanet, kuɗi a gaba, kuɗin ma na ƙungiyar iyaye da malamai. Da aka buɗe, gilashin roba ne, ƙafafun kuwa ko iskar la'asar sai ta kaɗa su, lambar wayarsa kuma ta daina shiga. Tun daga nan ba na cinikin biri a sama. Ko a Sabon Gari ne, ko Kaduna ko Kano aka je, sai na riƙe abu a hannu.

Madubin mai ido biyu ma akwai jabunsa jingim. Wanda gilashinsa ja ne jawur yana ƙyalli, a ce wai na ganin dare ne, ƙarya ce, jan fentin ɓoye muni yake yi yana kuma rage haske. Wanda aka rubuta 20-180x100 alhali gilashin bai fi murfin kwalba ba, ku auna da rula a gaban mai shagon. Ku fito da shi waje, ku kalli wayar lantarki ko hasumiyar masallaci mai nisa: in abu ɗaya ya zama biyu, ko kanku ya fara sarawa, wataƙila an taɓa yar da shi, kuma gyaransa wahala ne. Ku nisanta shi da fuska ku dubi ɗigon hasken da ke cikin idon kallo, ya kasance zagaye tas. Ku girgiza, kada a ji ƙara. In mai shago ya ce, “Haba Malam, sabo ne fil a leda, ba a buɗewa,” ku yi masa sallama. Wanda ya ce na'urarsa za ta nuna tutar Amurka a kan wata shi ma haka, babu teleskop a doron ƙasa da ke iya wannan. Wasu kwalayen kuma akwai ɗan baƙin gilashi a ciki wai na kallon rana. Zafi yana fasa shi, ido kuma ya tafi ke nan. A jefar da shi, a kuma gargaɗi yara kada su kuskura su juya madubi wajen rana.

In an saya, kada a jira daren goma sha huɗu. Ranar haske ya yi yawa, babu inuwa, ramukan sun ɓace. Daga biyar zuwa tara ga watan Musulunci ya fi, ana idar da magariba yana sama, kafin isha an sallami yara, kuma a bakin iyakar haske da duhu za a sa ido. A Zariya ƙarshen damina, wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sama ta fi tsabta kafin hunturu ya sauko da ƙurarsa. Ƙurar nan ce ma dalilin da zai sa ku nace a ba ku murafen gilashin guda huɗu da jakarsa, kuma kada kowa ya goge shi da bakin riga.