Garwa da Marwa-Salak: Dalilin da Ya Sa Filayen Jirgin Biyu Ba Su Zo Ɗaya Ba

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa maniyyatan Marwa da ke arewacin Kamaru suka saba yin tafiyar fiye da kilomita 200 a mota zuwa Garwa kafin su hau jirgin Saudiyya, alhali jiharsu ta Arewa Mai Nisa ta fi jihar Arewa, inda Garwa take, yawan jama'a, kuma ga filin jirgin Salak a kusa da su. Amsar kusa ita ce tsawon titin sauka da tashi: na Garwa ya kai kusan mita 3,400, wanda kuwa aka daɗe ana amfani da shi a Salak bai wuce kusan mita 2,100 ba, kuma babban jirgi da ya cika da alhazai da kayansu da man doguwar tafiya yana bukatar dogon titi kafin ya ɗaga. Sai dai wannan bambanci ya samo asali tun kafin a san jirgin sama a yankin.

Garuruwan biyu sun shiga hannun Fulani a farkon ƙarni na 19, kuma dukansu sun yi mubaya'a ga Lamiɗon Adamawa da ke Yola. Abin da ya raba su shi ne ruwa. Garwa tana bakin kogin Binuwai, a wurin da jiragen ruwa masu tasowa daga teku ta Lakwaja da Yola suke iya kaiwa idan kogi ya cika da damina, saboda haka Jamusawa suka kama ta a 1901 suka kafa sansani, suka riƙe shi har Yunin 1915 da sojojin Ingila da Faransa suka tilasta musu miƙa wuya. A zamanin Faransawa tashar jiragen ruwan garin ce ƙofar arewa baki ɗaya: gishiri da siminti da man fetur su shigo, auduga da gyaɗa su fita, duk a cikin 'yan watannin da ruwa yake ɗaukar jirgi. Daga baya ɗan garin, Ahmadu Ahidjo, ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982, kuma a tsawon mulkinsa Garwa ce hedikwatar lardin Arewa guda ɗaya da ya taso daga Ngaundere har Tafkin Chadi. Garin da gwamna yake zaune, da hedikwatar kamfanin auduga na SODECOTON, da sansanin sojan sama, kuma mahaifar shugaban ƙasa, ba abin mamaki ba ne a shimfiɗa masa titin da zai ɗauki kowane irin jirgi. A ganina siyasa ta yi aiki a nan, amma kogin ne ya share mata hanya.

Marwa ba ta da irin wannan kogi. Mayo Kaliyawo da ya ratsa garin yashi ne zalla a yawancin shekara, yara suna buga ƙwallo a cikinsa, mata suna tona rami su kwarfi ruwa, sai damina ta sauka ya tumbatsa na ɗan lokaci. Garin ya yi suna ne da malamai da majema da dukawa da kasuwa, kuma a kusa da shi Jamusawa ƙarƙashin Hans Dominik suka ci Lamiɗon Adamawa Zubairu da yaƙi a Janairun 1902, bayan Turawan Ingila sun fitar da shi daga Yola. Marwa ba ta zama hedikwatar jiha ba sai a 1983, lokacin da aka raba Arewa gida uku, jami'arta kuwa sai a 2008.

Saboda haka Salak, mai nisan kusan kilomita 20 daga gari, ya rayu ne da jiragen cikin gida da Turawa masu zuwa kallon giwaye da raƙuman dawa a gandun Waza ko duwatsun Rumsiki. Wannan ciniki ya karye bayan Boko Haram ta sace wasu iyalin Faransawa a kusa da Waza a Fabrairun 2013, filin ya koma hannun sojoji da ma'aikatan agaji fiye da 'yan yawon buɗe ido. An ɗaga darajarsa zuwa na ƙasa da ƙasa a 2014, amma takardar gwamnati ba ta ƙara wa titi tsawo. Garwa kuwa ta ƙara samun tagomashi a 2022, da ƙungiyoyin Najeriya da Masar da Sudan suka sauka don gasar cin kofin Afirka a filin wasa na Rumde Ajiya.

Ga mai tafiyar cikin gida, kamfanin jiragen saman Kamaru, Camair-Co, yana zuwa garuruwan biyu daga Yawunde da Duwala, kuma wanda ya nufi Mokolo ko Mora ko Yagwa ya fi sauƙi ya sauka a Salak, domin daga Garwa sai ya ƙara sa'o'i a kan titi. Mutanen Kusiri da ke kan iyakar Chadi su kam filin jirgin Injamena ya fi musu kusa da duka biyun, gadar Ngeli kawai za su tsallaka.